Fijo Ko Marsandi? Tarihin Wata Gardama Da Ta Girme Mu



Akwai wata jimla da ta yi mana katutu a rubutu: "Sai ga wata dalleliyar mota ta shigo layin." Wace mota? Ta wace shekara? Shiru. Wani lokacin ma labarin na zamanin Shagari ne, amma sai ka ga an ba Alhaji motar da ba a ƙera ba sai bayan shekara talatin. Alhali a ƙasar nan mota takan faɗi abin da shafi uku ba zai faɗa ba. Ita ke nuna shekarar da ake ciki, da aikin mai ita, da inda kuɗinsa ya fito.

Shi ya sa muka ɗauko wata tsohuwar gardama da har gobe ba ta mutu ba a majalisun dattawan Zariya, tun daga Ƙofar Kuyambana har Tudun Wada da Sabon Gari. In tsohon direba da tsohon bakanike suka zauna, ba a daɗe ba za ka ji an tayar da ita: tsakanin Peugeot, wadda muke kira Fijo, da Mercedes-Benz, wadda muke kira Marsandi, wacce ce mota? Za mu auna su a kan ƙarfin inji, da gudu, da kuma darajarsu a yau wajen masu tara tsofaffin motoci. Amma sai mun fara da yadda aka yi suka cika mana tituna.

YADDA SUKA SHIGO

Kafin 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, irin na Ingila, sitiyari kuma yana dama. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 aka koma hannun dama, kamar yadda maƙwabtanmu Nijar da Kamaru da Chadi suke yi. Wannan sauyi ya yi wa motocin Faransa da Jamus daɗi, domin dama can haka ake ƙera su. Motocin Ingila irin su Morris da Austin suka fara ja da baya. A ranar 1 ga Janairu, 1973 kuma naira ta maye gurbin fam. Mai rubuta labarin da ya faru a 1970 ya riƙe waɗannan biyun: direbansa a dama yake zaune, kuɗin mota kuma da sule ake biya.

Daga nan sai kuɗin fetur ya ɓarke. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas. Zariya kuwa garin 'yan albashi ne: ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, ga Kwalejin Barewa, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ga Daffo na soja, ga ma'aikatan reluwe. Babban ma'aikaci yana da damar karɓar bashin mota a riƙa cira a albashinsa. Gidajen da ba su taɓa ajiye abin hawan da ya wuce keken Raleigh ba suka fara neman inda za su fasa katanga su yi gareji. A cikin ganuwa kuwa, inda aka tsara lunguna don ƙafa da doki da jaki, sau da yawa sai dai a bar motar a bakin titi a ƙarasa gida da ƙafa.

A daidai wannan lokaci ne, a 1975, kamfanin harhaɗa Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara aiki, zamanin Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan Wusasa. Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas a shekarun, ta sama aka riƙa kawo sassan motar. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suna ɗauko su daga birnin Liyon na Faransa su sauke a filin jirgin saman Kano, a loda wa manyan motoci zuwa Kaduna. Hanyar Kano zuwa Kaduna kuwa ta Zariya ta bi. Ke nan Fijo da yawa sun ratsa garinmu a cikin akwati kafin su dawo mana a kan ƙafafunsu.

Marsandi ba ta samu irin wannan gata ba. Kamfanin ANAMMCO na Inugu manyan motoci da bas-bas yake harhaɗawa. Salun ɗin kuwa daga Jamus ake shigo da ita a kammale, a biya kuɗin fito. Tun daga nan aka raba musu matsayi: Fijo ta ma'aikaci da ɗan tasha, Marsandi ta ɗan kwangila da attajiri da basarake.

Siyasa ma ta sa hannu. Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976 aka harbe Janar Murtala Muhammad a Legas yana kan hanyar zuwa ofis, a cikin baƙar Marsandi ƙirar 230.6. Gwamnatin Obasanjo da ta gaje shi ta ɗauki manufar rage facaka, Fijo 504 ta zama motar hukuma tun daga sama har ƙasa. Da farar hula suka karɓi mulki a 1979, Marsandi ta dawo gaban jerin gwano, har wata babbar ƙirarta ta samu laƙabi da sunan Shagari.

ƘARFIN INJI

Turawa da ƙarfin doki suke auna inji. Kanikawanmu kuma da fulogi suke ƙirgawa: mai fulogi huɗu, mai fulogi shida.

Fijo 404 ta fito a 1960 da inji mai fulogi huɗu, lita 1.6, ƙarfin doki 72. Fijo 504 ta biyo baya a 1968, ta kuma ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Wadda muka fi sani, mai lita 2 da kafireto, ƙarfinta tsakanin doki 93 ne zuwa 96. Mai injekta, wato 504 TI, tana da 104. Sai 505 da ta fito a 1979, wadda ita ce salun ta ƙarshe da Peugeot ya ƙera mai ja da ƙafafun baya. A cikin danginta akwai GTI mai doki 130, da mai tabo wadda ta kai har 180, sai dai ba su ne aka saba gani a titunanmu ba.

A ɓangaren Marsandi, wadda ta yi zamani da 504 a nan ita ce ƙirar W123, da aka yi daga 1976 zuwa 1986. Anan ne magoya bayan Marsandi suke shan mamaki. Marsandi 200 ta farko, wadda alhazai da yawa suka yi taƙama da ita, doki 94 gare ta. Wato kusan kunnen doki suke da 504 ta malamin makaranta, ga shi kuma ta fi ta nauyi. Mai shan gas, 200D, doki 55 kacal take da shi. Sai an hau sama ake ganin tazara: 230E tana da 136, ita kuwa 280E mai fulogi shida ta kai 185, kusan ninki biyu na 504.

Akwai kuma waɗanda Jamusawa suka ƙera don nuna isa. A 1975 suka fitar da 450 SEL 6.9, mai fulogi takwas da doki 286. A farkon shekarun 1990 suka ɗauki jikin W124, wadda muke kira Bi-but saboda yadda murfin but ɗinta ya tsuke ta ƙasa, suka cusa mata inji mai lita 5 da doki 326, suka kira ta 500E. Sai da aka faɗaɗa mata jiki kafin injin ya zauna, kuma a masana'antar Porsche aka riƙa harhaɗa ta. In ka gan ta a tsaye za ka ɗauka Bi-but ce irin ta kowa.

To a ma'aunin ƙarfi, in aka ɗauko gwarzon kowane gida, Marsandi ta yi gaba. In kuwa aka ɗauko waɗanda suka fi yawa a garinmu, 200 da 504, babu wadda za ta yi wa wata gori.

GUDU

A takarda, 404 tana kaiwa kilomita 140 da 'yan kai a awa. 504 mai kafireto tana haura 160 kaɗan, TI kuma ta wuce 170. Marsandi 200 ta farko tana tsayawa a 160, 200D a 130, 280E a 200, 6.9 a 225. Ita kuwa 500E da gangan aka ɗaure ta a 250, kuma cikin daƙiƙa shida da ɗoriya take tashi daga tsaye zuwa 100.

Sai dai waɗannan alƙaluma a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka auna su. Daga Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne. Mai tafiya a kan 100 zai yi minti 48, mai ƙure maleji a kan 160 zai yi minti 30, in hanya ta yarda. A shekarun 1970 hanyar falle ɗaya ce, ana rabon ta da tireloli da tankoki da shanu. Da an sauka daga kwalta aka hau burji zuwa ƙauye kuwa, tambayar takan canza. Ba a tambayar nawa mota take gudu, sai dai wane gudu za ta iya riƙewa a kan gargada ba tare da ta zubar da haƙoranta ba.

Nan ne 504 ta yi suna. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa. Ƙafafunta suna da doguwar tazarar lotsawa, sai ta haɗiye rami maimakon ta yi tsalle. Furofelarta kuma a cikin bututun ƙarfe take, dutse ba ya samun ta kai tsaye. Wagon ɗinta mai layin kujeru uku ita ta riƙe tashoshin mota shekara da shekaru, daga Kwangila zuwa Kano, Sakkwato, Jos da Maiduguri, ga fasinja ga kaya har saman rufi. A-kori-kurarta kuma ta yi dakon hatsi da taki da tumaki a kasuwannin ƙauye.

Ba labarin tasha kaɗai ne shaida ba, akwai tseren motoci da aka rubuta sakamakonsa. A tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan laka da ƙura, 404 ta zo ta ɗaya a 1963, 1966, 1967 da 1968. A na 1963, motoci 84 suka tashi, bakwai kacal suka kai ƙarshe. A 1975 kuma 504 ta cinye Safari a hannun Ove Andersson, ta cinye na Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta cinye na Bandama a ƙasar Kwaddibuwa. Wannan Bandama shi ne tseren da a 1972 ba a samu ko mota ɗaya da ta kammala ba. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya haɗa Safari da Bandama da 504 mai ƙofa biyu da fulogi shida.

Marsandi ma ba ta zauna ba. A 1977 Andrew Cowan ya ci doguwar tseren Landan zuwa Sidni da 280E. A 1979 da 1980 kuma Marsandi mai ƙofa biyu da fulogi takwas ta ƙwace Bandama. Wajen juriya ma tana da abin faɗa: wani direban tasi a Girka ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da 240D ƙirar 1976, har kamfanin ya karɓe ta ya ajiye a gidan tarihinsa a 2004.

Abin da ya raba gardamar a wajen talaka shi ne ranar da mota ta lalace. In 504 ta tsaya maka a Giwa ko Soba, akwai bakaniken da zai kwance kafireto ya busa ya mayar, kayan gyara kuma suna nan a kasuwa tunda a Kaduna ake harhaɗa ta. In 280E mai injekta ta yi gardama a wuri ɗaya, sai an nemo gwani daga birni. Wannan sauƙin ne ya sa matasan Turawa a shekarun 1970 da 1980 suka riƙa sayen tsofaffin Fijo a Faransa, su ratso Sahara ta Tamanrasset, su sayar a Arlit da Agadas da Yamai, su koma gida a jirgi da ribarsu. Sun san akwai mai saye yana jira.

DARAJA A YAU

A kasuwar masu tara tsofaffin motoci, doki da maleji ba su ne ke yanka farashi ba. Abu na farko da ake dubawa shi ne ƙaranci. An ƙera 504 sama da miliyan uku, W123 kuma kusan miliyan 2.7. Ita kuwa 6.9 guda 7,380 aka yi, 500E kuma 10,479. Shi ya sa 500E ɗaya mai lafiya take sayen Bi-but na gama-gari da dama, duk da cewa daga nesa kamarsu ɗaya. A dangin 504 ma, mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki, su ne masu tsada. Ƙarshen misali shi ne Marsandi 300 SLR ta 1955 mai rufi, wadda guda biyu tak aka ƙera. A watan Mayun 2022 aka sayar da ɗaya a kan Yuro miliyan 135.

Abu na biyu shi ne asali. Mai tarawa yana son fentin da motar ta fito da shi, da kujerunta, da injin da lambarsa ta dace da takarda. Nan ne mu muke faɗuwa. Motar da ta yi shekara talatin tana lodin Zariya zuwa Funtuwa an sauya mata inji sau uku, an yi mata fenti sau biyar, ƙofar dama ta wata motar ce. Abin da ya sa ta zama jaruma a wajenmu, wato yadda take karɓar kowane irin gyara, shi ne yake zubar mata da farashi a wajensu.

Abu na uku shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye: labari. A 2011 aka yi gwanjon wata farar 504 ƙirar 1977 a Iran, aka saye ta a kan kimanin dala miliyan biyu da rabi. Injinta bai fi na sauran 504 ba. Abin da aka saya shi ne cewa motar shugaban ƙasar na lokacin ce, Mahmud Ahmadinejad, kuma an ce kuɗin na gina wa mabuƙata gidaje ne. Haka Marsandin Murtala. Doki 120 gare ta, ba ta cikin masu gudu ko a zamaninta. Amma tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas da hujojin harsashi a jikinta, kuma babu motar da ta kai ta nauyi a tarihin Nijeriya.

INA NAMU SUKA TAFI?

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano, motocin Japan irin su Toyota da Honda suka mamaye titi. A 2003 gwamnatin tarayya ta fara mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa kuɗi, aka rage saya wa jami'ai mota, babban mai sayen Fijo ya janye. A tsakiyar shekarun 2000 aka daina harhaɗa 504 a Kaduna, bayan Turai ta daina tun 1983. Wato mun riƙe ta fiye da shekara ashirin bayan masu ita sun sake ta.

Yau in ka zaga garejojin Zariya za ka tarar da sauransu a kan duwatsu, babu taya, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Masu sayen gwangwan kuma suna zagayawa da sikeli. Su a kilo suke saye. Ba ruwansu da cewa wannan ce ta kai amaryar farko ta gidan, ko ita ce ta kai mahaifin gidan filin jirgin Kano shekarar da ya sauke farali. Ranar da aka raba gado, mota ce farkon abin da ake cewa a kawar ta tare wuri. Da an sa mata wutar walda, an gama.

Ba muna cewa kowa ya je ya sayi tsohuwar mota ba, yawancinmu kuɗin data ma sai an yi lissafi. Amma kashi na uku na darajar nan a hannunmu yake, kuma ba ya cin ko sisi. Mutanen da suka tuƙa 404 tana sabuwa sun haura saba'in. Waɗanda suka yi aiki a Kakuri lokacin da kamfanin yake tashe suna nan a Kaduna da Zariya, sun yi ritaya. Kanikawan da ke gane ciwon inji da kunne suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaransu sun koma gyaran Keke Napep.

Don haka ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi dattijo ɗaya a unguwarsu, direba ko bakanike ko tsohon ma'aikaci, ya gaishe shi ya zauna. A tambaye shi: Baba, wace mota ka fara tuƙawa? A wace shekara, kuma nawa aka saye ta? Awa nawa kake yi zuwa Kano? Me ya fi lalacewa a jikinta? Wane laƙabi kuke kiranta da shi a tasha? Ina ta ƙare? In akwai hoto ko rasit ko tsohon lasisi, a nemi izini a ɗauka. A rubuta kalmomin yadda ya furta su, kada a gyara masa Hausa, domin a bakinsa ne za mu samu sunayen da babu su a ƙamus.

Wanda ya yi haka, in ya zo rubuta labarin 1978, ba zai ce dalleliyar mota ba. Zai ce farar 504 mai lambar gwamnati ta tsaya a ƙofar gidan, mai karatu kuma zai gane cewa daga ofis aka zo, tun kafin kowa ya buɗe baki. In ya ce baƙar 280E ce, an san maganar kwangila ce ko ta aure.

Ita kuwa gardamar Fijo da Marsandi, in Baba ya tayar da ita, kada a yi masa musu da alƙaluman da muka kawo a sama. A bar shi ya yi bayani, a ci gaba da rubutawa.

Sai mun ga abin da kuka samo. Mu haɗu mako mai zuwa.